Kurgar Bawa Mai-Gora

A gyara zama, jama'a! Mai tuwo a baki ya haɗiye, mai tari ya yi abinsa tun yanzu. Ga labarin Sarkin Ruwan Runjin Sambo, garin da ko kududdufi ba ya kai tsakiyar rani. Dodon tarwaɗa, angon gargaza, wanda kada ya taɓa gani ya ce masa sannu da aiki. Mai rundunar gora ɗaya da homa biyu, ɗayar ma a yage. Bawa Mai-Gora ke nan, Allah ya ja zamaninsa, ya ƙara masa haƙori ko da guda ne.

Ni mai wannan shela sunana Ladan. Ɗan mahauta ne ni, kuma kowa ya san akwai wasa tsakanin mahauta da masunta tun kaka da kakanni, don haka in na zolayi tsohon nan ba rashin kunya ba ne, gado ne. Na ɗan shiga makarantar Nasara a cikin birni, na koyi baƙaƙen boko da lissafi har zuwa inda ya fara cizo, sai na ga tabarmar aji ba ta karɓi jikina ba. Na gwada fawa, na gwada bin fatake, a ƙarshe aikin da ya zauna mini shi ne zama a zauren Baba Bawa ina hana shi sakat.

A nan runjin aka haife shi, tun kafin zuwan Nasara, lokacin da runji runji ne, ƙauyen bayi masu noma gandun ubangijinsu. Tsarin sananne ne. Da safe kowa ya fita gandu har rana ta take. Bayan nan, da wasu ranaku na mako, lokacinka ne, ka je ka noma ɗan fegin da aka yanka maka. Fegin nan shi Kanawa ke ce wa gayauna, mu nan kurga muke cewa. Abin da ka girba a kurga naka ne, ubangijin da kansa ba ya miƙa hannu.

Kurgar da aka ba Bawa yana saurayi ta faɗa ne can bakin gulbi, inda ruwa ke cinye shuka kowace damina. Mutane suna yi masa jaje, shi kuwa yana tsintar kifi a cikin kunya. A nan wasu Kabawa masunta suka gan shi, suka koya masa kwanciya rub-da-ciki a kan babbar gora, homa a kowane hannu, ƙafafu suna tuƙi. Da Nasara suka zo igiyar bauta ta sassauta, sai ya jingine fartanya, ya auri wata yarinya mai suna Zainaba, ya zama masunci.

Kowace shekara, da an gama kaka ruwa ya fara ja baya, su biyu sukan ɗaure kaya su nufi yamma. A wuce Wamakko, a yi ta tafiya har gonaki su ƙare, ƙauyuka su ƙare, a shiga wani daji da ake kira Dajin Kaiwa, saboda yawan itacen kaiwa, wato kanya. A tsakiyarsa akwai tafki. Nan sukan kafa bukka tare da wasu masunta biyu da matansu, maza su wuni a ruwa, mata su yi banda, sai rani ya yi nisa a komo da kifi busasshe a kan jakai.

Ni ban taɓa ganin tafkin ba a lokacin, amma na san shi fiye da bayan gidanmu, domin Baba Bawa ba ya da wani zance. Yana ɗinkin homar da ba ta ƙara taɓa ruwa ba, yana ba ni labari.

"Ruwan can, ɗan mahauta, da sahe baƙi na. In rana ta hau shi koma kore. Ka kwanta bisa gora, ka ji sanyi shina hawa cikinka, dinya na tashi gabanka, ba ka jin muryar kowa. In la'asar ta yi ka juyo, ka hangi hayaƙin banda shina tashi gindin kaiwa. Shi ka bi. Ba a ɓata."

"To Sarkin Ruwa, kifin fa? Jiya ka ce giwan ruwan ya kai jaki. Yau ya kai raƙumi ko da saura?"

"Kai da ba ka san komi ba sai hanjin akuya."

Na daɗe ina zaton kifi yake bege. 'Yarsa Mariyatu, wadda yake zaune a gidanta, ita ta warware mini wata rana da na shiga karɓar masa fura. Na ce mata tsohon nan zai mutu da ƙarnin tarwaɗa a hanci. Ba ta yi dariya ba.

"Ladan, kai kam bakinka ba shi da linzami. Inna tana can."

"Can ina?"

"Bakin tafkin. Raninsu na ƙarshe zazzaɓi yak kama ta, ba ta ko kai ga a ɗora ta bisa jaki ba. Matan abokan sunsa sunka yi mata wanka, anka rufe ta kusa da murhun bandarta. Mutanen nan ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma Yawuri. Duk duniya Baba kaɗai ya san wurin. Ni ko ban taɓa zuwa ba."

Sai a ranar na lura cewa duk labaran da yake ba ni bai taɓa kiran sunanta ba. "Mai banda" yake cewa, kamar wata baƙuwa da ya haɗu da ita a kasuwa. Matar fari ce, bakinsa ba ya iya ɗaukar sunan.

Ya yi niyyar komawa da rani mai zuwa ya gyara kabarin, ya sa masa ƙaya da duwatsu. Kafin ranin ya zo aka yi shela a kasuwa: Dajin Kaiwa ya zama gandun daji na gwamnati. An kewaye shi da turaku masu farar ƙasa. Ba sara, ba wuta, ba su, ba kwana.

Sauran masunta suka yi ta salati. Baba Bawa shi kaɗai hankalinsa bai tashi ba. Waɗanda suke wurin sun ce ya matsa kusa da mai shela ya tambaye shi cikin ladabi, "To, wace rana ta kurga?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shi bai ga abin dariya ba. An ce gandu, shi kuwa a gandu aka haife shi, ya san dokarsa tun yana tsirara. Bai taɓa jin gandun da ba kurga ba. Mugun ubangiji yakan rage maka ranaku, yakan ba ka fako ko bakin gulbi, amma ba ya hana ka gaba ɗaya, domin wanda ya yi haka ko a masallaci sai an nuna shi da baki. Nasara baƙi ne, ba su gama koyon abin ba tukuna. Za su yanka. Sai dai a yi haƙuri.

Haƙurin nan ya ci shekaru. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan bi ta ƙofar ofishin masu kula da daji, ya durƙusa ya gaida duk wanda ya samu, ya ce, "An yanka kurga?" A ce masa tukuna, Baba. Ya ce madalla, ya juya. Yaran unguwa suka mai da abin waƙa. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, in na shigo zaure sallamata ke nan: "Salamu alaikum, an yanka?" Ya ce, "An yanka uban bunsurunku."

Abin da ya hana ni ci gaba da wannan sallama, idanunsa ne. Yanar ido ta fara rufe su, fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Wata safiya ya miƙo mini allurar ɗinkin homa ya ce in nemo masa bakin zaren, alhali zaren yana kan gwiwarsa. Na ba shi, na rasa abin tsokana. Shi ne ya yi magana, ba da ni ba, da homar.

"In sunka daɗe ba su yanka ba, ko sun ba ni dajin duka ba ni gane wurin."

Washegari na tafi ofishin da kaina. Malamin dajin da ke wurin, sunansa Malami, tare muka zauna a aji. Shi ya daure, ni na tsere, ga shi yau da wando mai aljihu da fensir a bayan kunne. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, mai gandun da ba a shuka ba, na zo neman kurga."

"Ladan, don Allah kai ma? Na gaji da gaya wa tsohon nan tukuna. Babu wata kurga. Sunan kawai anka ara."

"To ka gaya masa haka."

"Kai ka gaya masa."

Ba wanda zai iya a cikinmu. Na ba shi labarin Zainaba. Ya cire fensir ya sosa kai da shi, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Doka ta hana sara, ta hana wuta, ta hana su, ta hana kwana. Ba ta hana mutum wucewa da ƙafarsa ba. Ku shiga da safe ku fito kafin rana ta faɗi. In mai gadi ya tare ku, ku ce ni na ce. Amma homa ta tsaya gida."

Na komo da gudu na zube gaban Baba Bawa kamar manzon sarki. Ya saurara har na gama.

"Ba su, ba wuta, ba kwana," ya maimaita. "Wagga wace irin kurga ta?"

"Irin ta Nasara. Haka suke nasu, komai kaɗan-kaɗan, har gishirin miya."

Bai ce ya yarda ba. Sai dai ya kira Mariyatu ya ce ta sauko masa da gora daga rataya, ta duba ko gara ta taɓa ta.

Mariyatu ta so zuwa, amma tana da goyo, ga hanya da nisa. Ta dama mana fura, ta ƙulle dawo a ƙwarya, ni kuma na sato kilishi a shagon babanmu, don a san mahauci ne ya ciyar da masunci. Muka ari jakin maƙwabci. Tsohon ya ƙi hawa. Ya ce bai taɓa zuwa tafkin a kan jaki ba, mai banda ma da ƙafarta take zuwa. Aka ɗora wa jaki gora, ya yi ta tafiya da ita kamar mai ciki a baya.

Ni da nake cika baki na bi fatake, tun kafin Wamakko ƙafata ta yi bororo. Shi kuwa yana gaba da sandarsa, ba ya sauri ba ya tsayawa. Hanya ba da ido yake bin ta ba. Ya ce nan akwai rijiya mai ruwan zartsi, muka same ta. Ya ce nan mai banda takan sauke kaya ta ce sai ta ci ɗanyar gyaɗa, muka zauna, ba gyaɗa, muka ci kilishi. Ya tauna da dasashi ya ce fatar takalmi ce. Ya miƙo hannu a ƙara masa.

Muka kwana a ƙauyuka, gonaki suka yi ta raguwa, sabara da geza suka karɓi hanya. Ran da muka kai turakun farar ƙasa, rana ta yi ƙasa. Muka sauka daga waje, taku kaɗan da iyaka, inda wuta ba laifi ba ce. Ya nuna mini yadda ake lanƙwasa rassan geza a ɗaure kawunansu a rufa da ciyawa; tawa bukkar ta fito kamar kaza ta sha duka. Muka yi magariba. Daga cikin dajin zabi suna ta kiran juna, iska tana kawo wani sanyi mai warin laka. Baba Bawa ya juya fuskarsa can, ya buɗe hanci.

Da gari ya waye muka ɗaure jaki muka shiga, gora a kaina. A nan ne abu ya ɓaci. Shekarun da aka hana sara da wuta, daji ya yi abin da ya ga dama. Turbar masunta ta mutu. Sarƙaƙiya ta haɗe da farar ƙaya, marke ya tsiro inda ya ce fili ne. Muka yi ta ratsawa, rigata ta zama rabin riga. Wajen hantsi ƙasa ta fara laushi, giyayya ta bayyana, sai ga ruwa.

Bai yi ƙarya ba, kore ne. Dinya ta tashi gabanmu da fukafukai kamar ana kakkaɓe tabarma. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kula mu ba.

"Kaiwa," in ji shi. "Nemo min kaiwa babba, mai reshe bisa ruwa."

Na duba. Kaiwa ta kewaye tafkin kamar jama'a a filin idi, kuma kusan kowace tana da reshe bisa ruwa. Muka bi gaɓa. Ya dafa wannan, ya shafa waccan, ya durƙusa ya tona ƙasa da yatsa, ya tashi. Ciyawa ta kai ƙugu, komai ya zama iri ɗaya. Rana ta take, ta fara karkata. Ya tsaya ya dogara da sanda.

"Baba, ko mu huta?"

"Ban san wurin ba ta tudu," ya ce a hankali. "Ban taɓa zo mata ta tudu ba. Kullum daga ruwa nika hitowa." Ya juyo. "Sauke gorar."

"An hana su fa."

"Ka ga homa hannuna?"

Ya tuɓe riga, ya ɗaure bante, ya tura gora cikin ruwa ya kwanta a kanta. Tsohon da ke jan ƙafa a tudu, da ruwa ya ɗauke shi sai ya zama wani mutum. Ƙafafunsa suka buɗe suka rufe kamar na kwaɗo, ya yi ta nisa har ya koma ɗan baƙin abu a tsakiyar kore. Can ya tsaya. Ya daɗe yana shawagi, hannuwansa a buɗe kamar yana riƙe da homar da babu. Na san abin da yake jira, kuma na san ba zai gan shi ba: babu hayaƙi a gindin kowace kaiwa. Ƙanƙara da ƙyastu suna cikin aljihuna. Na taɓa su, na tuna Malami da fensirinsa, na tuna ciyawar nan busasshiya da za ta kama har Wamakko, na cire hannu.

La'asar ta yi. Rana ta koma bayansa. Sai na ga ya juya gora, ya sa ranar a kafaɗarsa ta hagu, ya fara tuƙi, ba sauri, irin tuƙin mutumin da ya gaji zai koma gida. Bai nufi inda muka yi ta nema ba. Ya nufi wani lungu da giyayya ta rufe. Na bi gaɓa da gudu, ƙaya tana karɓar sauran rigata.

Na iske shi ya fito, ruwa na zuba daga gemunsa, yana taka ƙasa da tafin ƙafa a hankali. Ya tsaya. Ya sunkuya ya ja ciyawa, sai ga dutse baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi, ga na biyu, ga na uku. Murhun banda. Gefensa, ƙarƙashin kaiwar da ta tsufa ta karkace, ƙasa ta ɗan tasa, da fasassun katangar tukunya a jere.

Ya yi sallama, da irin muryar da ake yi a ƙofar ɗaki. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, na tsaya daga baya na shafa tare da shi. Da ya gama sai ya durƙusa ya fara cire ciyawar kan kabarin da hannu, tsiro bayan tsiro, yana kakkaɓe ƙasar saiwa yana mayarwa, yadda ake yi wa gero a noman farko. Ni na kwaso duwatsu daga gaɓa, yana karɓa yana jerawa. Ya ce in duba da kyau, in ƙirga itatuwa da idona, in riƙe lungun, domin wata rana Mariyatu za ta yaye goyo.

Inuwa ta yi tsawo, lokacin fita ya matso. Wurin ya fito fes, ɗan fegi tsawon mutum ɗaya a tsakiyar gandun gwamnati. Abin ya taɓa ni, ni kuwa in abu ya taɓa ni, baki nake buɗewa. Na gyara tsumman rigata, na matsa gaba, na ɗaga hannu kamar mai shelar kasuwa.

"Jama'ar daji, ku saurara! Zalɓe, sauke ƙafarka! Yau an yanka! Ga kurgar Bawa Mai-Gora, mafi ƙanƙanta a ƙasar Sakkwato, ba gero ba dawa, wadda ni Ladan ɗan mahauta na ƙwato masa daga hannun Nasara da ƙarfin ilimin boko! Sarkin Ruwa, me za ka ce wa bawanka?"

Bai ɗago ba. Ya jefar da ciyawar da ke hannunsa gefe.

"Gusa can," ya ce. "Kana tsaye bisa ƙahwahunta."